Bangon Sadisu da Rumfar Haman

Sadisu tela bai taɓa sanin bangon gidansa abin kunya ne ba sai ranar da ya ari wayar matarsa don ya haska wata allura da ta faɗa ƙarƙashin keken ɗinki. Kafin ya gano inda ake kunna fitilar, babban yatsansa ya zame, hoto ya buɗe. Ga Kaltuma matarsa, ga babbar 'yarsu Afra'u, ga ƙannenta, kowa cikin ɗinkin ƙaramar Sallah, wanda shi da kansa ya duƙa a kai har bayansa ya ƙage. Sun yi kyau, ba ƙarya. Sai dai a bayansu wani farin bango ne mai tayil, yana sheƙi, har da fulawa a tukunya.

"Kaltuma, nan gidan wa?"

Ta leƙo daga madafa, ta ga abin da ke hannunsa, ta koma.

"Gidan wani ne a unguwar Tsinga."

"Wani wa?"

"Oho. Ai ba shiga muka yi ba. Bangon kawai muka ara."

Ya ci gaba da jan hotunan baya. Babbar Sallar bara, bangon nan. Ranar da Afra'u ta fara sa fararen kayan makarantar jinya, bangon nan. Yara suna girma, ɗinki yana sauyawa, bango yana nan daram kamar ɗan gida. A ƙarƙashin wani hoton ma ga gwaggonsa ta Maiduguri tana sa albarka, tana cewa ashe Sadisu ya yi gini bai faɗa ba.

Afra'u ta zo gyara, ta ƙara ɓatawa. "Baba, c'est rien, ba wani abu ba ne, hasken wurin ne ya fi kyau. Maigadin ma ya saba da mu, shi yake ɗaukar mu."

Namiji in ya haura hamsin yana jure abubuwa da yawa. A ce masa furfura ta cinye gemunsa, ya yi dariya. A ce tumbinsa na riga shi shiga masallaci, ya yi dariya. Amma ya ji cewa maigadin wani ya fi shi sanin murmushin iyalinsa na ranar Sallah, wannan ba ya haɗiyuwa ko da ruwa. Sadisu ya ajiye wayar, ya manta da allurar, ya fita lungu ya tsaya yana kallon gidan da aka haife shi a ciki kamar yau aka nuna masa shi.

Gidan mahaifinsa ne, marigayi Malam Baha'uddeen, irin gidajen farko na unguwar Birik. Jar ƙasa aka cusa tsakanin sanduna, poto-poto ke nan, sannan aka lulluɓe ta da katako a kwance, wani bisa wani, don ruwan Yawunde ba ya raga wa ƙasar da aka bari tsirara. Katakon ya yi baƙi. Gara ta ci rabonta ta bar masa sauran. Inda ya huje an toshe da gwangwanin madara da aka farke aka daddale. Masu gyaran firji da masu maganin basir sun rubuta lambobin wayarsu da gawayi, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya lambar na nan. Ƙusa kuwa, duk wanda ya taɓa buƙatar rataye wani abu a lungun ya bar tasa.

Sannan ga rumfar Haman.

Haman mai shayi Bafulatanin Garwa ne. Ya sauka Birik yana saurayi, da buta ɗaya da riga ɗaya, Malam Baha'uddeen ya ce ya kafa rumfa jikin bangonsa ya nemi abinci. Wannan labari Sadisu ya ba da shi ba adadi, musamman in aka taɓo zancen karamcin mutanen da. Rumfar ba ta da wani fasali: tsohon kwano, benci, tebur, sai dirkoki uku masu kaurin da ya wuce na rumfar shayi, waɗanda kuma ba a kafa su a miƙe ba. Gindinsu na can bakin kwata, kansu ya jingino jikin bango, kamar dattawan da tsayuwar tarawihi ta gajiyar. Katakon da ke samansu kuwa hayaƙin shekaru ya yi masa nasa fentin.

Shi kuma Sadisu, kakansa Babarbare ne da fatauci ya gangaro da shi daga Barno ya manta hanyar komawa. Barbarcin da ya rage a gidan bai wuce na gaisuwa ba, amma ya isa ya halatta masa wasa da duk wani Bafulatani da ke ƙasar Kamaru. Don haka kullum da safe, kafin ya buɗe shagonsa na zaure, ga yadda ake karya kumallo:

"Bawana ya tashi?" in ji Haman, ko ɗago kai ba ya yi. "Zo ka gai da ubangidanka."

"Ka ji ɗan daji. Zuba min shayi, kuma da madarar gwangwani, ba irin wadda kuke tsinkawa da ruwan rafi ba."

"Bawa da zaɓen abinci! Duniya ta ƙare."

"Ta ƙare tun ranar da aka bar mutumin bukka ya kafa dirka a birni. Dubi nan don Allah. Ko makaho aka ba aikin ai da ya fi haka miƙewa."

Haman yakan dubi dirkokin, ya murmusa, ya ce, "Haka suka fi so."

A kan bencin nan suka tsufa tare. Nan aka kawo wa Sadisu albishirin haihuwar Afra'u. Nan ya zauna ranar da aka dawo daga binne Malam, Haman ya miƙo masa kofi. Ranar ce kaɗai bai kira shi bawa ba.

To, sai ga Rashidu. Ɗan yayar Sadisu ne, kafinta irin na zamani, awo maƙale a ƙugu, waya cike da hotunan aikin da wasu suka yi. Ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce tayil dai a manta da shi, ba ya kama ƙasa. Amma akwai kwano mai launi, tol bak, shuɗi, irin wanda sababbin shagunan Messa ke sawa a fuska.

"Kawu, a ɓare tsohon katakon nan gaba ɗaya, a buga sababbin sanduna, a jera tol. Wallahi in na gama, mutane za su riƙa shigowa neman maganin ciwon kai, su ɗauka farmasi ne."

"To, madalla."

"Sai dai fa rumfar nan." Ya rage murya, ko da yake Haman ya tafi sallah. "Dirkokin sun shige cikin katakon. Ga kuma hayaƙi. Kawu, kai ka taɓa sa sabuwar shadda ka je ka zauna kusa da mai suya?"

Da yaren tela aka yi masa magana, ya kuwa ji.

Faɗa wa Haman ne aiki. Sadisu ya yi kwana da kwanaki yana kewaye-kewaye. Ya sha shayi yana yabon launin shuɗi. Ya sha shayi yana cewa ya ji an ce hayaƙi na rage wa gida kwana. Ya sha shayi yana cewa ai ciniki a bakin titi yake, mai dabara da tuni ya koma can. Haman yana jin sa, yana fifita wuta.

Kaltuma ce ta gaji da kallo. "Malam, mutumin nan fa ya riga ni zuwa gidan nan."

"Ai ba korar sa zan yi ba. Matsawa kawai zai yi."

"Haka ake ce wa rago ranar suna. Matso nan."

"Ke ce za ki yi magana, mai aron bangon mutane?"

Ta yi shiru. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin nasara, kuskuren da maza ke yi tun zamanin kakanni.

Ya faɗa masa ne wata safiya a ƙarshen ɗan ranin nan na Agusta, lokacin da rana ke ɓuya, ruwa kuma bai sauka ba.

"Haman, aikin bangon nan... Rashidu ya ce sai an ɗaga rumfa." Ya ɗora wa Rashidu, kamar yadda aka saba.

Haman ya gama juya ƙwan da ke cikin kasko, ya zuba wa mai shi a burodi, sannan ya ce, "Ɗagawa ta kwana biyu, ko ɗagawa?"

"To, ka san sabon kwano da hayaƙi."

"Na sani." Ya goge hannu. "Rumfar nan da bangon nan sun daɗe tare. Sun saba. Raba tsofaffi ba kyau."

Sadisu ya ji maganar kamar roƙo, roƙo kuwa daga bakin wanda bai taɓa roƙon ka komai ba ya fi zagi nauyi. Sai ya ɓuya bayan wasa.

"Kai Bafulatani, ƙaura ai gadonku ce. Yau kuma tsoronta kake ji?"

Dattawan da ke kan benci kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

"A bar dirkokin ko da babu rumfa," in ji Haman. "Ba sa cin abinci."

"Karkatattun nan? A gaban sabon tol? Ai gara in bar tsohon katakon."

"To, Malam Sadisu. Gidanka ne."

Malam Sadisu. Tun suna samari bai taɓa jin sunansa daga bakin nan ba. Ya ji shi kamar sunan wani mutum da ake nema bai san shi ba.

Washegari Haman ya kwance rumfarsa da hannunsa, ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Ya loda kwano da benci da dirkoki biyu a pus-pus, wato amalanke, ya koma bakin lungu, gefen babban titi, ya kafa lema. Dirkar tsakiya kuwa ya bar ta a tsaye. Sadisu ya aika a tuna masa, Haman ya ce zai zo. Bai zo ba. Sadisu ya rasa ko mantuwa ce ko gayya, ya zaɓi gayya, don ita ta fi ba shi damar yin fushi.

Shi da Rashidu suka cire ta. Ba ta so fita ba. Gindinta cikin siminti yake, itacen kuma ja ne, lafiyayye, ba kamar abin da ya shekara aru-aru a cikin ruwa ba.

"Ka ga ƙauyanci," in ji Sadisu yana haki. "Rumfar shayi har da siminti."

Sai da suka sa guduma. Da ta fita, bangon ya yi wata 'yar ƙara, kamar tsoho ya sauke ajiyar zuciya, ƙasa ta ɗan zubo.

"Normal ne, Kawu," in ji Rashidu.

Suka yar da ita a lungu. Kafin la'asar ta ɓace. Wata maƙwabciya ta ce ta ga Haman ya saɓa ta a kafaɗa.

Aka shiga aiki. Sadisu ya ce a tuɓe komai a lokaci ɗaya, ba a ɗinka sabuwar riga a kan tsohuwa. Katako ya riƙa faɗowa, ƙadangaru da kyankyasai suna neman mafaka, har da wani cokalin da Kaltuma ta zargi wata baƙuwa da ɗaukewa tun Afra'u na goye. Bangon ya fito tsirara, ja, duk faso, maƙwabta suka taru suna kallo kamar an buɗe wa mara lafiya ciwo. Rashidu ya yi maza ya rufa masa asiri. Sanda bayan sanda, tol bayan tol, sai ga gidan Malam Baha'uddeen ya koma shuɗi shar, har yana kashe ido.

Ya yi kyau. Wannan ko maƙiyi ya yarda. Masu wucewa suna rage tafiya. Wata tsohuwa ta leƙo zaure ta tambayi maganin tari, Rashidu ya yi kwana uku yana ba da labari. Ranar Juma'a kuma Afra'u ta tsaya a gaban bangon da ƙawarta suka ɗauki hoto, ba wanda ya sa ta. Sadisu yana ciki yana yi kamar zare yake sa wa allura, alhali tun ɗazu zaren ya shiga.

Ya sami abin da yake so. Abin da bai lissafa ba shi ne, daɗin sabon abu sai da wanda zai kushe maka shi. Yanzu a gida yake shan shayi. Shayin Kaltuma ba shi da laifi, har ya fi na Haman kauri, amma ba a zagin mutum a kansa, sai ya riƙa wucewa salam kamar ruwan zafi. In zai fita sayen zare dole ya bi ta bakin lungu.

"Ina kwana, Malam Sadisu. Gida ya yi kyau."

"Lafiya lau, Malam Haman. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Kamar surukai. Kasuwar kuwa ana ganin ta. Dattawan lungu ƙafarsu ba ta kai su titi, masu moto kuma, 'yan acaɓa, in sun sha ɗaya sun watsa masa ruwan kwata goma. Abin da ya fi ci wa Sadisu rai shi ne yadda Haman ya kafa kujerarsa: ya juya wa titi baya, inda masu saye suke, ya fuskanci lungu, idonsa kyam a kan shuɗin bango. Don ya sa ni jin kunya ne, in ji Sadisu a ransa. Kuma yana ji.

Wata rana ya shiga ɗaki ya tarar an janye gado daga jikin bangon lungu an kai shi ɗaya gefen, kabad ɗin kwanuka ma ya yi ƙaura.

"Ma'u matar Haman ce ta ce wai kwana jikin sabon kwano na kawo sanyin ƙashi," in ji Kaltuma.

"Yanzu Fulani ne likitocinki?"

"Ni dai na matsar."

Sai ƙofar zaure ta fara gardama. Da safe sai an sa kafaɗa. Rashidu ya zo ya kankare ta, ya ce damina ce ta kusa, katako na kumbura. Ta sake cijewa, ya sake kankarewa. Ƙofa ta yi ta ramewa kamar mai jinya, ba ta daina cijewa ba.

Ruwan Satumba ya sauka, irin wanda ba ya sallama. Wata safiya da aka ɗan ɗauke, Sadisu ya fito ya tsaya inda ya saba tsayawa yana sha'awar bangonsa, sai idonsa ya ƙi kwanciya. Bai san gini ba, amma ya san rigar da ba ta zauna a jiki ba. Layukan kwanon sun daina sauka sak. Ya koma ciki ya ɗauko tef ɗin awo, ya ɗaura almakashi a bakinsa, ya taka kujera ya maƙala ɗaya bakin a saman bango, ya saki. Almakashin ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya a iska. Tsakaninsa da gindin bango tafin hannu ya shiga ya juya.

Rigar ba ta da laifi. Mai rigar ne ya ranƙwafa.

Ya sauko a hankali. A bakin kwata ga ramukan siminti uku, cike da ruwan sama, sun jeru daidai inda bangon ke niyyar zuwa. Ya dube su. Ya dubi bango. Ya juya ya dubi bakin lungu, inda wani dogon mutum ke zaune ƙarƙashin lema ya juya wa kasuwarsa baya.

Lungun ba shi da tsawo, amma Sadisu bai taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Ya isa, ya zauna a benci, ya ce a zuba masa shayi. Aka zuba. Ya hura, ya kurɓa, ya yi maganar tsadar sukari. Can dai ya ce:

"Dirkokin nan... ka sayar?"

"Wa zai sayi karkataccen abu?"

Sadisu ya haɗiye wannan, don nasa ne aka dawo masa da shi. "Tun yaushe?"

Haman ya gyara wutarsa. "Tun ba ka yi aure ba. Malam ya kira ni ya nuna min. Ya ce bango ya fara ruku'u, shi kuma ba shi da halin gini. In ya tokare shi da itace a fili, duk wanda ya wuce ya karanta halin da yake ciki, almajiransa ma su karanta. Ya ce, kai kana neman inuwa, ni ina neman sanda. Amma kada kowa ya ji, har 'ya'yana."

"Ai ya rasu, Haman."

"Ni bai ce min in ya rasu in faɗa ba."

"Da gidan ya faɗo mana fa?"

"Na bar maka ɗaya, ka sa mata guduma. Na aika a janye gado. Ka ga ina zaune na ba titi baya kamar mara hankali, kana tsammanin launin ne ya burge ni? Jiya na ce in Allah ya kai mu yau, zan karya alkawari, in je in nemi gafarar Malam a can. Sai na hango ka a kan kujera da almakashi, na ce to, Allah ya tsare min bakina, bari ya ƙaraso da ƙafarsa."

"Amma itacen sabo ne."

"Na Malam gara ta cinye. Na bayansu ma ta cinye. Ina canzawa ɗaya bayan ɗaya in ka tafi Duwala sarin yadi. Ka dawo ka ce har yanzu ban iya kafa dirka ba."

Sadisu ya tuna duk majalisar da ya tsaya ya ba da labarin karamcin mahaifinsa, Haman na gefe yana wanke kofi.

"Ashe ba kyauta ya ba ka ba."

"Kai, kyauta ce mana!" Karon farko ke nan da muryar Haman ta tashi. "Masu neman wurin rumfa sun cika unguwar nan a lokacin, 'yan gari, masu dangi. Ni ba ni da kowa. Ni ya kira. Kada ka rage wa Malam komai."

Iska ta kaɗa lemar. Can wajen Tsinga sama ta yi baƙi ƙirin. Haman ya dubi hadarin, ya sauke butarsa daga wuta, ya ce wa masu moto biyu da ke fakewa su biyo shi, shayin gobe kyauta ne.

Dirkokin suna bayan ɗakin Haman, a kan duwatsu, an lulluɓe su da leda, an ma shafa musu baƙin mai. Kafin a turo su lungu yayyafi ya fara. Aka kirawo Rashidu, ya zo a guje, ya ga almakashin da har yanzu ke lilo a iska. Kaltuma ta fitar da yara tsakar gida.

"Ba a kan kwano za su zauna ba," in ji Haman. "Sai sun taɓa itacen da ke cikin bango. Nan, da nan, da nan."

"A huda tol?" Rashidu ya dafe kai. "Kawu, sabon tol! A bari in kwance shi gobe a tsanake..."

Daga saman bango wata ƙusa ta yi tsalle, ƙas, ta faɗa kwata. Wata ta bi ta.

"Ba ni almakashin kwanonka," in ji Sadisu.

Shi ya hau kujera. Ruwa na dukan ƙeyarsa, ya zana da alli inda Haman ya nuna, ya kafa almakashi a cikin shuɗin nan da ya yi wa farin ciki, ya yanka. Ya fitar da kafa uku, kowacce da zagayenta tsaf kamar wuyan jamfa, har ya lanƙwasa bakin ciki don kada ya yanki wani. In dai za a ɓata abu, a ɓata shi da kyau.

Aka jefa gindin dirkoki a ramukansu na da, suka zauna kamar ba su taɓa fita ba. Aka ɗaga, aka tura, Haman na ba da umarni da Hausa da Fulatanci da Faransancin kasuwa, masu moto na nishi, Rashidu na dukan gindin dirkoki da guduma yana cewa dama shi ma ya so ya faɗa. Sadisu ya sa kafaɗa tare da kowa, ko da yake daga baya Kaltuma ta ce ita dai abin da ta gani shi ne yana riƙe da dirka don kada santsi ya kwashe shi. Bangon ya yi ƙara, ya yi wata, sannan ya yi shiru, irin shirun wanda ya sami abin dogarawa. Ruwa ya yi ta zuba har bayan la'asar. Gidan bai motsa ba.

Rumfa ba a yi shawarar dawo da ita ba. Dirkoki uku a tsaye tsirara a gaban gida abin magana ne, sai an sa musu hula. Sadisu da kansa ya riƙe wa Haman tsani, shi ya miƙa masa ƙusoshin da aka kafa a cikin sabon tol. Rashidu ya ce duk wannan na ɗan lokaci ne, in rani ya zo sai an rushe an sa bulo. Aka ce masa Allah ya kai mu. Malam ma na ɗan lokaci ya yi nufi.

Safiyar da aka fara hura wuta, Afra'u ta fito za ta makaranta, ta tsaya ta dubi bangon: shuɗi a sama, shuɗi a gefe, tsohon kwano da karkatattun itatuwa a tsakiya, ga kuma wani siririn baƙi ya fara hawa daga saitin murhu.

"Baba, yanzu ina mutum zai tsaya ya ɗau hoto?"

Daga cikin gida muryar Kaltuma ta fito. "Tsinga ai ba ta yi ƙaura ba."

Dattawa suka dawo bencinsu, kowa ya nemi gurbin da ya bari. Sadisu ya zo ya zauna a nasa. Haman ya zuba shayi, ya miƙo. Ba Malam Sadisu, ba ɗayan sunan. Sadisu ya riƙe kofin yana jira, shayi na hucewa. Ya dubi dirkokin. Bakinsa ya saba da abin da yake faɗa a kansu kowace safiya, amma yau ya kasa.

"Dirkokin nan dai," ya ce, yana gyara murya, "gaskiya an kafa su da hikima."

Haman ya ajiye ludayi, ya juya ga dattawa.

"Jama'a, ku shaida. Kowa ya riƙe aljihunsa. Bawa in ya fara yabon ubangidansa, sata yake shiryawa."

Benci ya ɗauki dariya. Sadisu ya kurɓi shayin. Ya yi sanyi, sukari ya yi yawa, madarar ma kamar an tsinka ta. Rabonsa da shan mai daɗinsa tun kafin a ɓare katako.

"Karkatattu ne dai," ya ce.

"Haka suka fi so," in ji Haman.